Wa Ya Shata Hanyar Yunwa a Ƙwaƙwalwar Ɗan Tayin Ɓera?



Duk wanda ya taɓa yin azumi a tsakiyar bazara ya san abin da ke samun mutum da la'asar sakaliya. Maƙogwaro ya bushe, miyau ya yi kauri, fitsari ya ragu ya yi ja, hankali kuma ya koma kan randa ko da ana ta ƙoƙarin karatu. Mukan ce ƙishirwa ta kama mu, sai ka ce daga waje ta zo ta cafke mu. A cikin kai take tasowa. Can a gindin ƙwaƙwalwa, bayan idanu, sama da ganda, akwai wani ɗan yanki da bai fi ƙwallon dabino girma ba, nauyinsa kusan giram 4 a jikin babban mutum. Likitoci suna kiran sa haifotalamas. Shi ke ɗanɗana jini ya ji ko gishiri ya yi yawa, ya aika wa ƙoda cewa ta riƙe ruwa. Shi ke sa gumi idan rana ta take, ya sa makyarkyata da sanyin hunturu. Yunwa da ƙoshi, barci da farkawa, balaga, naƙuda, zubowar nono ga mai jego, duk akwai hannunsa a ciki.

Tambayar da ta daɗe tana cin raina ita ce: wa ya haɗa masa wayoyinsa? Ƙwayar jijiya guda ba ta iya komai ita kaɗai. Sai ta miƙa wani siririn zare, ta kai shi wurin wata ƙwayar, su ƙulla mahaɗa, sannan saƙo ya wuce. Zaren nan kuwa ba ko'ina zai faɗa ba, akwai takamaiman wurin da ake jiran sa. A cikin duhun mahaifa, babu ido, babu mai nuni da yatsa, yaya aka yi ya san hanya?

Amsar da muke da ita, mafi yawanta daga ɓera ta fito, ɗan'uwan wannan da muke ɗana wa tarko a bakin rumbu. Dalilin zaɓensa a fili yake. Cikin ɓera kwana 19 zuwa 21 ne kacal, uwa takan haifi 'ya'ya da yawa a lokaci guda, ana kuma iya cire masa ƙwayar gado ɗaya tak a ga abin da zai ɓaci. Ba wanda zai yi wa ɗan Adam haka, kuma bai kamata ba. Tsarin wannan yanki a kan ɓera da kan mutum kuwa ya yi kama ƙwarai, unguwa da unguwa. Don haka masana suke ƙirga kwanakin cikin ɓera ɗaya bayan ɗaya, suna yanka ƙwaƙwalwar ɗan tayi falle-falle, suna rina ta, suna dubawa a ƙarƙashin madubin ƙara girma.

A kwana na 8 zuwa na 9, ɗan tayin bai kai ƙwayar shinkafa ba. Abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka shimfiɗe yake, sai ya naɗe kamar yadda ake naɗe tabarma, ya zama bututu. A ƙarƙashin gaban bututun akwai wani ɗan nama da ke tsattsafo da sinadari, kuma sinadarin ne ke shaida wa ƙwayoyin da ke samansa cewa nan ne ƙasa, nan ne tsakiya, ku ne za ku zama gindin ƙwaƙwalwa. Masu bincike sun laƙaba masa suna Sonik Bushiya, sunan wata bushiyar wasan kwamfuta. A 1996 aka samar da ɓerayen da aka cire wa ƙwayar gadon wannan sinadari, sai 'yan tayin suka tashi da gurbin ido ɗaya a tsakiyar fuska, gindin ƙwaƙwalwar kuma bai samu ba sam. Makiyaya a jihar Idaho ta Amurka sun riga masana ganin irin wannan. A shekarun 1950 tumakinsu suka riƙa haifar 'yan raguna masu ido ɗaya, aka yi shekaru ana bincike kafin a gano wata ciyawa ce ta kan tudu, wadda in tunkiya ta ci ta a wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki, dafinta yake toshe hanyar wannan sinadari. Ku riƙe maganar kwanan nan, don za mu sake cin karo da ita. Ciyawa ɗaya, tunkiya ɗaya, amma ranar da aka ci ita ke yanke hukunci.

A wajen kwana na 9 da rabi zarurrukan farko suke fitowa daga wannan yanki. Wani masani a Jami'ar Michigan, Stephen Easter, shi da abokan aikinsa suka bi diddiginsu a 1993. Wasu 'yan ƙwayoyi ne ƙalilan a gindin inda ido zai tsiro, suka miƙa zare zuwa baya, ta cikin filin da babu ko sawu. Tsofaffinmu da suka san fatauci sun san jagaba, wanda ke wucewa gaban ayari ya duba hanya da mashaya da zango kafin madugu ya taso da jama'a. Waɗannan zarurruka su ne jagaba. A lokacinsu ƙwaƙwalwar ƙanƙanuwa ce, tafiyar ba nisa. Waɗanda za su zo daga baya, bayan wuri ya yi faɗi ya cika, da yawansu jikin na farkon suke bi, har turba ta zama gwadabe.

To shi kansa jagaban, da me yake gane hanya? A 1890 wani likita ɗan ƙasar Sifen, Santiago Ramón y Cajal, yana duba lakar ɗan tayin kaza, ya ga cewa kan kowane zare mai tsiro yana da ɗan kumburi mai 'yan yatsu. Matacciyar tsoka yake kallo, wadda aka rina, amma daga siffar kawai ya ce lallai wannan abu motsi yake yi, yana lalube. Bayan kusan shekara 20 wani Ba'amurke, Ross Harrison, ya rena jijiyar ɗan tayin kwaɗo a cikin ɗigon ruwan jiki, ya ga motsin da idonsa. Wanda ya taɓa shuka kabewa ko duma a bayan ɗaki ya san kan yaɗo, yadda yake miƙa 'yan siraran hannuwa, wanda ya sami kara ya kama, wanda ya sami iska ya janye. Haka kan zaren jijiya yake, sai dai shi ɗanɗano yake yi. A jikin 'yan yatsunsa akwai makarɓai, ƙwayoyin da ke kan hanya kuma suna fitar da sinadarai, wani ya ce taho, wani ya ce kauce. Ɗaya daga cikin masu kira shi ne netirin, wanda aka ware a 1994 a birnin San Francisco, sunansa kuma daga tsohon harshen Indiya na Sanskirit aka ɗauko shi, ma'anarsa jagora. Akwai dangin semaforin, masu yawan kora. Abin da ya fi burge ni shi ne alama ɗaya tana iya kiran wannan zare ta kori wancan, gwargwadon irin makarɓin da kowanne ya ɗauko. Da 'yan alamomi kaɗan ake raba dubban matafiya, kowa ya nufi inda za shi.

Tsakanin kwana na 11 da na 16 ake haifar mafi yawan ƙwayoyin jijiyar haifotalamas. A bangon wani siririn kwarmi mai ruwa da ya raba yankin gida biyu ake haifar su, sai su matsa gefe, su taru gungu-gungu. Don sauƙin magana zan kira gungun nan unguwanni. Biyu nake so ku riƙe. Ɗaya tana can ƙasa, a lanƙwashe kamar bakan maharbi, mu ce mata unguwar baka. Ɗaya tana sama, a gefen kwarmin ruwan, mu ce mata unguwar bakin ruwa. A unguwar baka iyali biyu ne ke zaune, aikinsu kishiyar juna: masu cewa tashi ka ci, da masu cewa ya isa haka. A 2010 wata masaniya a Jami'ar Columbia da ke New York, Lori Zeltser, da ɗalibanta suka gano cewa wasu daga cikin masu cewa a ci, tun suna ƙanana a cikin mahaifa, alamar masu cewa ya isa suka fara ɗauka, daga baya suka ajiye ta suka sauya aiki. Tsatsonsu ɗaya ke nan.

Unguwar bakin ruwa kuwa, wata ƙwayar gado mai suna Sim1 ce ke tsaye a kan gininta. Ɓeran da ya rasa ta gaba ɗaya, unguwar ba ta kammala, jim kaɗan bayan haihuwa yake mutuwa. Wanda ya gaji guda mai kyau daga ɗayan iyayensa, ɗayar kuma ta lalace, yakan rayu, amma ci ba ƙoshi, sai ƙiba. A 2000 aka ba da rahoton wata yarinya mai matsananciyar ƙiba tun tana ƙarama, aka tarar wannan ƙwayar gadon ce ta tsinke a jikinta. Daga wannan unguwa da wata maƙwabciyarta manyan ƙwayoyi suke gangara da zare zuwa bayan fituwitari, wata 'yar tsoka mai kamar ƙwayar wake da ke rataye a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. A can suke zuba sinadarai biyu a jini. Ɗaya shi ne mai riƙe ruwa, abokin mai azumi. Ɗayan oksitosin, wanda duk ungozomar asibiti ta san allurarsa, don da shi ake tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Wannan hanya tun kafin a haifi ɓera zarurrukanta sun isa masaukinsu.

Akwai wani ayari da ban taɓa gajiya da labarinsa ba. Ƙwayoyin da ke buɗe ƙofar balaga, waɗanda in babu su namiji ba zai yi maniyyi ba, mace ba za ta ga al'ada ba, ba a cikin ƙwaƙwalwa ake haifar su ba. A hanci ake haifar su. A 1989 ƙungiyoyi biyu, ta Marlene Schwanzel-Fukuda da Donald Pfaff a Jami'ar Rockefeller, da ta Susan Wray a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka, kowacce a nata ɓangaren, suka nuna haka a ɗan tayin ɓera. A wajen kwana na 11 ƙwayoyin suke bayyana a inda hanci ke tsirowa. Daga nan su kama jikin wasu zarurruka da suka riga su tashi daga hancin, su bi su kamar makaho da ɗan jagora, su ratsa ta inda wani ƙashi mai ramuka kamar rariya zai raba hanci da ƙoƙon kai, su shiga ƙwaƙwalwa, su karkata ƙasa. Zuwa kwana na 16 mafi yawansu sun sauka. Duka-duka ba su wuce kusan 800 ba a kan babban ɓera, kuma a kan waɗannan 'yan ɗaruruwa zuriyarsa take rataye. Bayan sun zauna ne suke miƙa nasu zaren zuwa bakin jijiyoyin jinin da ke gangarawa fituwitari.

Wannan ya warware wani ƙulli da ya yi shekara 45 a hannun likitoci. A 1944 wani likita, Franz Kallmann, ya bayyana wasu iyalai da ake samun mutanen da ba sa balaga, kuma ba sa jin ƙamshi ko wari. Me ya haɗa hanci da haihuwa? A shekarar nan ta 1989 su Schwanzel-Fukuda suka duba ɗan tayin mutum mai mako 19 da ke ɗauke da wannan cuta, suka tarar ƙwayoyin balagar sun cushe a ƙofar shiga ƙwaƙwalwa, tare da zarurrukan jin ƙamshi, duka ba su ƙetare ba. Jagora ya tsaya, ayari ya tsaya. Ina faɗin wannan da tunanin saurayin da ya kai shekara 20 murya ba ta buɗe ba, gemu bai tsiro ba, ana yi masa dariya a dandali, ko budurwar da aka yi ta zargin an yi mata sammu. Wasunsu, tambaya ɗaya ce za ta sa likita ya kama bakin zaren: kana jin ƙamshin turare? Cutar kuwa tana da magani, ana ba da sinadaran da jiki ya kasa yi, mutum ya balaga, da yawa har su haihu.

Yanzu mu koma kan yunwa, inda labarin ya fi ɗaukar hankalina. Ana haifar ɓera tsirara, ido a rufe, nauyinsa bai fi giram 1 da ɗoriya ba. Ƙwayoyin unguwar baka duk suna nan, an haife su tun a ciki, amma hanyar da za ta haɗa su da unguwar bakin ruwa, wato babbar hanyar da saƙon ci da ƙoshi zai bi, ba a gina ta ba tukuna. Sebastien Bouret da Richard Simerly, suna aiki a jihar Oregon, suka ɗora ɗan ƙurar wani rini a kan unguwar baka, rinin da ke bin jikin zare a hankali har ƙarshensa, suka duba 'ya'yan ɓera kwana bayan kwana. A wajen kwana na 6 da haihuwa zarurrukan suka isa unguwa ta kusa. Tsakanin kwana na 8 da na 10 suka shiga unguwar bakin ruwa. Ta can gefe sai wajen kwana na 12. Kafin yaye, wanda ake yi a mako na 3, gini ya kammala. Wato ana gama hanyar ne daidai lokacin da ɗan zai bar nono ya fara neman abinci da kansa.

Me ke tayar da zarurrukan su kama tafiya a waɗannan kwanaki? Sai mun ɗan koma baya. A 1949, a ɗakin binciken Jackson da ke jihar Maine, aka ga wani ɓera a cikin garke yana ci ba tsayawa. Irinsa sukan kai ninki uku na nauyin 'yan'uwansu. Wani masani a can, Douglas Coleman, ya riƙa ɗinke irin wannan ɓera da lafiyayye gefe da gefe har jininsu ya gauraya, sai mai ƙibar ya rage ci. Ya ce lallai akwai wani abu a jini da ke cewa an ƙoshi, wanda wannan ɓera ya rasa. An yi fiye da shekara 20 kafin Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya kamo ƙwayar gadon abin a 1994. Kitsen jiki ne ke yin sinadarin, yana aika shi ƙwaƙwalwa ya ce ga yawan abin da ke cikin rumbu. Aka sa masa suna leftin, daga kalmar Girkanci mai nufin siriri. Mutanen nan biyu sun karɓi Kyautar Sarki Faisal ta fannin likitanci a 2013, kyautar da mu muka fi sani ta dalilin Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya karɓi ta hidimar Musulunci a 1987.

A 1998 Rexford Ahima, likita ɗan asalin Ghana da ke aiki a Boston tare da Jeffrey Flier, ya lura da wani abin ɗaure kai. A mako na 2 na rayuwar ɗan ɓera, leftin yakan yi tashin gwauron zabi a jininsa, ya ninka na babba sau da yawa, sannan ya sauka. In da aikinsa hana ci ne, da jaririn ya saki nono, amma tsotso yake yi ba ji ba gani. To me leftin ɗin yake yi a lokacin? Su Bouret suka amsa a 2004. Da suka rina ƙwaƙwalwar 'ya'yan ɓerayen nan marasa leftin, sai suka ga hanyar unguwar baka zuwa unguwar bakin ruwa ta tsiro jefi-jefi, zarurruka 'yan kaɗan, kuma haka ta zauna har girma. Suka yanko unguwar baka suka sa a faranti, suka ɗiga mata leftin, zarurruka suka yi ta fitowa kamar shuka bayan ruwan fari. Suka yi wa jariran allurar leftin daga kwana na 4 zuwa na 12, hanya ta cika kusan kamar ta lafiyayye. Da suka yi wa manya allurar har kwana 20, hanyar ba ta dawo ba. Kun tuna tunkiyar Idaho da kwana na 14? Ga shi nan kuma. Sinadarin da zai riƙa kawo saƙo a kan hanya, shi ne tun farko ya taya gina ta, kuma lokacin ginin ƙayyadadde ne.

Daga baya aka gano ba shi kaɗai ba ne. Girelin, sinadarin yunwa da tumbi ke fitarwa, yana taka wa tsiron birki don kada ya wuce gona da iri. A 2019 su Sadaf Farooqi ta Jami'ar Kambirij da Bouret suka nuna cewa dangin semaforin ne ke nuna wa zarurrukan masu cewa ya isa hanyar unguwar bakin ruwa. Da aka cire musu makarɓin alamar, zarurrukan da suka isa suka ragu, ɓerayen suka ƙara nauyi, kuma an sami lahani a irin waɗannan ƙwayoyin gado a jikin wasu mutane masu tsananin ƙiba tun yarinta.

Tunda jini ne ke kawo saƙon gini, abin da uwa ta ci ya shiga maganar ke nan. A birnin Kolon na Jamus, ƙungiyar Jens Brüning ta ciyar da iyayen ɓeraye abinci mai maiƙo sosai a lokacin shayarwa kawai, sakamakon ya fito a 2014. 'Ya'yan suka tashi da ƙarancin zarurrukan ƙoshi a unguwar bakin ruwa, suka fi saurin tara kitse, jikinsu kuma bai iya sarrafa sukari yadda ya kamata ba. A Kyoto ta Japan an gwada akasin haka a 2005: aka rage wa uwa abinci tana da ciki, aka haifi 'ya'ya ƙanana, hawan leftin ɗinsu ya zo kafin lokacinsa, da suka girma aka ba su abinci mai maiƙo sai suka fi sauran yin ƙiba. Yawa ya ɓata, rashi ma ya ɓata, kuma duka wuri ɗaya suka kai.

A nan dole in ja linzami, don ɓera ba mutum ba ne. Babban bambancin shi ne lokaci. Abin da ɗan ɓera ke ginawa a makonni biyun farko bayan haihuwa, binciken da aka yi a kan birai da 'yan tayin mutane ya nuna mu tun a ciki muke gina shi, a rabin ƙarshe na goyon ciki. Shayarwar ɓera, ta wannan fuska, ta fi kama da watannin ƙarshe na cikin mace. Ba kuma wanda ya buɗe kan rayayyen mutum ya ƙirga zarurrukan nan. Abin da ke hannu game da mutane shaida ce ta tarihi, mai ɗaci. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus sun datse abinci ga yammacin ƙasar Holan, rabon mutum a rana ya faɗi ƙasa da rabin abin da jiki ke buƙata. A 1976 aka duba bayanan samari kusan 300,000 da aka auna don aikin soja, aka ga waɗanda yunwar ta samu suna farkon ciki sun fi yawan ƙiba a shekara 19, waɗanda ta samu a ƙarshen ciki da farkon jego kuma ƙibarsu ta fi ƙaranci. Mu ma muna da namu. A 2010 aka wallafa binciken da aka yi a Enugu kan mutane fiye da 1,300, aka ga waɗanda aka haifa a cikin yunwar yaƙin basasa sun fi waɗanda aka haifa bayanta yawan hawan jini da matsalar sukari da ƙiba, shekara 40 bayan an ajiye bindiga. Wannan bai tabbatar cewa haifotalamas ne kaɗai sila ba, ƙoda da saifa da hanta duk suna ginuwa a watannin. Amma ni dai idan na tuna 'ya'yan da aka haifa a farin 1973, ko a yunwar 2005 a Maraɗi da Damagaram, ko a sansanonin gudun hijira na Barno, jikina yakan yi sanyi.

Akwai hanyar da za a ji wannan magana a karkace, ina roƙon kada a ji ta haka. Kada wani ya koma gida ya ce wa matarsa, ke kika ja wa yaron nan. Uwar ɓera a keji ba ita ta zaɓi abin da aka zuba mata ba, mace mai ciki a yawancin gidajenmu ma haka ne. Ba ita ke riƙe da kuɗin cefane ba. A gidaje da yawa tsokar nama kwanon maigida take fara shiga, mai cikin kuma ita ce ta ƙarshen zama, wani lokaci sai ƙanzo. Ga kunyar cikin fari, yarinya ta ɓoye har wata biyar ko shida, ba awo, ba ƙarin abinci. Mun iya kula da mai jego, da kunun kanwa da gasasshen nama da ruwan zafi, kuma abin yabo ne. Ina ganin ya kamata kular nan ta faro watanni kafin ranar suna, wake da gyaɗa da ƙwai da zogale su riƙa shiga kwanonta tun cikin bai fito ba, wadda ke da ciwon sukari kuma a kai ta awo a kan kari. Wannan aikin maigida ne, da uwar miji, da hukumar da ke da alhakin asibitin garin.

Haka kuma yaron da muke kira acici, muna dungure masa kai a gaban baƙi. A 1997 a Kambirij, Stephen O'Rahilly da Sadaf Farooqi suka ga wasu yara biyu 'yan dangi ɗaya, asalinsu Pakistan, masu kukan yunwa dare da rana. Aka auna jininsu, leftin kusan babu. Babbar, tana da shekara 9, nauyinta ya kai kilo 94. Aka fara yi mata allurar leftin kullum, cikin 'yan kwanaki cinta ya ragu, a shekara guda ta sauke kilo 16. Shekarun da ta yi ana ganin kwaɗayi ne, ƙwaƙwalwarta ce ke karɓar labarin cewa rumbu wayam yake. Irin wannan cuta ba ta da yawa a duniya, kuma allurar ba ta yi wa mafi yawan masu ƙiba amfani, don su leftin ɗin ya ma yi musu yawa, ƙwaƙwalwar ce ta daina saurarensa. Duk da haka yarinyar ta nuna cewa ƙarfin yunwa ba ɗaya ba ne a jikin kowa.

Akwai wani sakamako da ya fito a mujalla ɗaya, a fitowa ɗaya da na su Bouret a 2004, daga ɗakunan binciken Friedman da Tamas Horvath na Jami'ar Yale. Su ba dogayen hanyoyi suka duba ba, mahaɗan da ke manne a jikin ƙwayoyin unguwar baka suka ƙirga, a kan manyan ɓeraye marasa leftin. Suka tarar masu cewa a ci sun tara mahaɗan da ke zuga su, masu cewa ya isa kuma nasu sun yi ƙaranci. Aka yi wa ɓerayen allurar leftin. Cikin awa 6 mahaɗan suka fara sauya wuri, wasu suka saki, wasu suka kama, tun kafin dabbar ta rage cin abinci, kuma wannan a kan ɓeran da ya daɗe da wuce kwanakin gini ne.

 Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa.